Murfin Tsohuwa

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 11 na safe

An kulle Tsohuwa.

Na rubuta, na karanta, sai na kama dariya ni kaɗai, don wanda bai sani ba zai ɗauka kakata aka kai gidan yari. Tsohuwa dai kwamfuta ce, baƙa, mai nauyin tsiya. Shekara tara tana zaune a kanta ta uku a ɗakin sanyi na wani kamfani da ke ba irinmu hayar wuri da wuta da layin intanet. A cikinta shafukan mutum arba'in da ɗaya suke kwana suke tashi: mai ɗinki, makarantar koyon tuƙi, masu sayar da furanni, wani likitan haƙori. Ni nake riƙe musu, sana'ata ke nan.

Tun ƙarfe shida wayata take kuka, kowa shafinsa ya ƙi buɗuwa. Na fita a guje, sai a ƙofar kamfanin na lura takalmana ba iri ɗaya ba ne. Kwaɗo biyu a ƙofa, da takardar kotu an manna. Baba mai gadi yana kan bencinsa yana shan iska.

Ya ce, "'Yata, masu kamfanin ne suka saɓa. Wannan ya ce wancan ya cinye, wancan ya ce babu ma abin da za a ci. Kotu ta ce kamfani ya karye. Jiya da yamma aka yanke wuta."

Na ce, "Baba, tawa fa tana ciki."

Ya ce, "Na sani. Ni ma butata tana ciki."

Muka yi dariya har na zauna kusa da shi. Faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa.

Litinin, ƙarfe 6 na yamma

Maigida ya dawo daga aiki ya ce, "Injiniya, ai kina da kwafin komai, ko?" Na ce ina da shi. Ban yi ƙarya ba. Ya yi hamdala, ya nemi abincinsa.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Kwafin yana kan faifai na biyu. Faifai na biyu yana cikin Tsohuwa. To, na faɗa.

Talata, ƙarfe 4 na yamma

Na zaci yau mutanena za su cinye ni ɗanya. Na share ofis, na jera kujeru huɗun da nake da su, na shirya fuskar ban haƙuri. Su tara suka zo. Mai Ɗinki ce ta fara shigowa, da tef ɗin awo a wuya kamar kullum. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kin ci abinci kuwa? Dubi yadda rigar nan take yawo a jikinki." Malamin tuƙi ya aika aka kawo shayi. Kafin a jima ofishina ya koma wurin hira, likitan haƙori yana leƙa bakin mai furanni kyauta, ni ina tsakiya ina bayani babu mai saurarona.

Da za su tafi, Mai Ɗinki ta ja ni gefe. Awon mutum ɗari shida ne a shafinta, kafaɗa da ƙugu da tsawon hannu, na shekara bakwai. Ni na lallashe ta ta bar littattafan awo, na ce takarda tana jiƙewa, ɓera yana ci. Ta ji maganata, har ta ba jikokinta littattafan suka yi jirgin sama da su.

Ta ce, "Suna nan dai, ko?"

Na ce, "Suna nan, Anti. Barci kawai suke yi."

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Na ga jami'in da kotu ta ɗora a kan kayan kamfanin. Na sa masa suna Mai Hatimi. Dogo ne, da biro uku a aljihun gaba, baƙi da shuɗi da ja, kuma kowanne da aikinsa. Ba mugu ba ne. Irin mutanen nan ne da in ka ce musu ina kwana sai sun duba agogo kafin su amsa.

Ya ce duk abin da ke cikin ɗakin nan kayan kamfani ne har sai wani ya kawo shaidar nasa ne. Ranar 24 ga wata za a yi gwanjo. Kafin a sayar da kowace kwamfuta, sai an goge faifanta tas.

Na ce ya maimaita ta ƙarshen. Ya maimaita.

Shaidar da yake so mai sauƙi ce, in ji shi: rasidin saye, da lambar da kamfanin ƙera ta ya buga a bayanta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba sayen ta aka yi ba. Haɗa ta aka yi. Akwatin daga nan, ƙwaƙwalwar daga can, fankar ma daga wata matacciyar kwamfuta aka ciro."

"Wa ya haɗa?"

"Mu."

"Ku wa?"

Na ce zan dawo.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Na zazzage gidan nan ina neman rasidai. Na samu na firiji, na samu na keken ɗinkin da ban taɓa koyo ba, na samu hoton Maigida yana saurayi da gashi cike da kai. Na kai masa, ya ƙwace ya ce ba shi ba ne, ƙaninsa ne. Ba shi da ƙane. Mun yi dariya har cikina ya ƙulle.

Rasidin Tsohuwa ko ɗaya babu.

A aljihun teburina na ci karo da sukundireban nan mai jan hannu. Na mayar na rufe.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Na je gaishe da Umma. Ita dai har gobe ba ta gane sana'ata ba, in an tambaye ta sai ta ce ina gadin wata akwati. Na yi mata bayani a hankali, ta saurara tana gyara zaman tabarau. Da na gama ta ce, "To, ba ke da Yayanki kuka haɗa abar ba a kan tebur ɗina na cin abinci? Kwana uku muna cin abinci a ƙasa. Ki kira shi mana."

Na ce shayin nan ya yi daɗi.

Ta ce, "Auta, ni na haife ki. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma ban taɓa jin sun raba baki ba."

Na ce wace irin citta ta sa.

Ban kira shi ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 12 na rana

Abin farin ciki: na kama hayar wuri a wani kamfanin, na ɗora wa kowa ɗan shafi na wucin gadi mai suna da lambar waya. Malamin tuƙi ya ce nasa ya fi na da kyau, wai da can rubutu ya yi yawa. Shekara biyar ina yi wa mutumin nan ado!

Na bi ta wajen Baba mai gadi na kai masa sabuwar buta. Ya yi ta sa min albarka kamar mota na saya masa. Na zauna ina yi masa cika baki. Na ce, "Baba, ka san shekara biyu Tsohuwa ba ta yi ko tari ba? Ni kaɗai nake riƙe da ita, daga ofishina, ko murfinta ban buɗe ba. Akwai lokacin da fankarta ta fara ƙara, na ce zan zo, kafin in zo ta yi shiru da kanta. Ta san uwar ɗakinta."

Baba ya yi ta kallon sabuwar butarsa. Ya ce, "Ikon Allah." Ya sake cewa, "Ikon Allah."

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Ban kira shi ba.

Laraba, ƙarfe 3 na rana

Ina wanke kofi abin ya faɗo min. Murfin!

Tun ranar farko akwai doka: duk wanda ya buɗe Tsohuwa sai ya rubuta a cikin murfinta da farin alƙalami, kwanan wata da abin da ya yi mata. Ba ni na kafa dokar ba. Da farko aikin kawai muke rubutawa, daga baya muka mai da wurin fagen tsokana. Na tuna wasu. "Na ƙara mata ƙwaƙwalwa. Auta ta riƙe tocila, ta haska min ido." A ƙasa da hannuna: "Na gyara abin da Yaya ya gyara." Wane kamfani ne zai ce wannan tasa ce?

Na bar kofin da kumfa na kama hanya. Mai Hatimi ya saurare ni, ya ciro shuɗin biro, ya mayar, ya ciro baƙin. Ya ce a shekara ashirin na aikinsa ba a taɓa kawo masa zagi a matsayin rasidi ba. Amma na ga gefen bakinsa yana motsi.

Ya ce zai nemi izinin buɗe ɗakin ranar Juma'a ta sama, 21 ga wata. Sharaɗi ɗaya: tunda da bakina na ce mu biyu ne, kuma hannu biyu ne a murfin, to mu biyun za mu zo, kowa ya yi rubutu a gabansa ya gwada, kowa ya sa hannu.

Na ce ba zai yiwu in rubuta duka biyun ba? Na iya kwaikwayon rubutunsa.

Ya ciro jan biron. Na ce wasa nake yi.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 2 na rana

Mai Ɗinki ta zo da tef ɗinta, wai tunda ba ta da awon kowa a hannu za ta fara da ni. Ta auna ni tana mita, ta rubuta a bayan katin ofishina. Ta ce amare uku ne suke jiran kaya a wata mai zuwa, biyu ba sa gari, awonsu yana cikin Tsohuwa. Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 9 na safe

Na gaya wa Maigida inda kwafin yake. Ya ajiye kofinsa, ya dube ni, ya ce, "Wato kin ajiye makullin gida na biyu a cikin gidan." Na ce ba sai ya yi min fassara ba. Ya ce, "Ba wannan ba ne abin da ke da Yayanki kuka..." Na ce ruwan zafi ya ƙare, na tashi.

Ya biyo ni kicin yana dariya, ya karɓi butar daga hannuna. Ya ce taurin kaina ne ya sa ya aure ni, don ya san mai irin wannan kan ba za ta taɓa yarda ta yi kuskuren zaɓen miji ba. Na jefe shi da tsumma.

Ban kira shi ba. Amma na duba, lambar tana nan.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Shekara biyu da suka wuce Yaya ya ce mu ajiye kwafi a wani wuri daban, ya ce masu kamfanin nan ba sa gaisawa da juna, ruwa kuwa ba ya tsami banza. Na ce ɓarnar kuɗi ce. Magana ta ja magana. Na ce masa, "Kai ɗaure noti kawai ka iya, tunanin sana'a ka bar min." A gaban mai furanni na faɗa. Ya ajiye sukundirebansa a kan teburina ya fita, ya je ya buɗe shagon gyaran waya. A gidan Umma in ya ji muryata sai ya tuna yana da aiki, ni ma haka.

Ba kulle Tsohuwa ne yake hana ni cin abinci ba. Kunya ce. Kuma ina kewarsa, wallahi ina kewarsa.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe 10 na safe

Na kira.

Na shirya jawabi mai sakin layi uku, har na gwada shi a gaban madubi. Ya ɗauka a bugu na biyu. Na ce, "Yaya." Ya ce, "Auta." Jawabin ya gudu ya bar ni. Na ce, "An kulle Tsohuwa." Ya ce, "Na ji." Na yi masa bayanin murfin.

Ya ce, "Dole sai an buɗe murfin?"

Na ce shi ne shaidar ai.

"Ba za a iya duba ta waje ba?"

Na ce me zai gani ta waje?

Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ƙarfe nawa?"

Minti biyu da daƙiƙa goma, wayata ta nuna. Na ajiye, na yi rawa a tsakiyar ofis, likitan haƙori ya shigo ya same ni a haka. Na ce masa ƙafata ce ta yi sanyi.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Na canza kayan da zan sa gobe sau uku. Maigida ya ce in na gama ya ara min hula.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Na isa ƙarfe tara saura, na tarar Yaya ya riga ni. Yana kan benci shi da Baba mai gadi suna hira kamar waɗanda suka rabu jiya. Ya yi ƙiba kaɗan, furfura ta fito masa a gemu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon takalmana. Ya ce, "Yau dai iri ɗaya ne." Na juya na harari Baba. Baba ya kama duba butarsa.

Mai Hatimi ya zo ƙarfe tara daidai, ya ba kowannenmu takarda muka yi rubutu, ya buɗe kwaɗo biyun. Ɗakin sanyi ya zama ɗakin zafi, ga duhu, ga warin roba. Ban taɓa jin wurin nan shiru ba. Tsohuwa tana nan a kanta ta uku. Na dafa ta na ce, "Sannu da haƙuri."

Mai Hatimi ya ce a buɗe. Yaya ya lalubi aljihunsa. Na buɗe jakata na miƙa masa mai jan hannun. Ya karɓa, ya juya shi, ya gwada bakinsa da babban yatsa. Ya ce, "Riƙe tocila. Ban da ido."

Da murfin ya fita sai Yaya ya rungume shi a ƙirji, wai zai nuna wa jami'in ta sama kawai, ai layi biyu sun isa shaida. Mai Hatimi ya ce shi ba ya karanta rabin takarda. Ya karɓa, ya kai bakin ƙofa wajen haske, ya fara karantawa da muryar nan tasa ta karanta hukunci.

"Na ƙara mata ƙwaƙwalwa. Auta ta riƙe tocila, ta haska min ido." Ya duba takardar Yaya, ya yi alama da baƙin biro. "Na gyara abin da Yaya ya gyara." Ya duba tawa. "Ƙarya take yi." "Shi ne maƙaryaci, ga shi tana aiki." Baba yana bakin ƙofa yana riƙe ciki. Ni ma ina dariya, ina jiran ya tsaya a layin ƙarshe da na sani, na ranar da muka sa faifai na biyu.

Bai tsaya ba. Ya karanta wani kwanan wata, wata huɗu bayan faɗanmu.

"Na hure ƙura. Auta ba ta sani ba."

Ya karanta wani. "Fanka tana ƙara, na canza ba tare da na kashe ta ba. Baba ya yi alkawarin yin shiru."

Wani. "Wayar wuta ta saki, na ɗaure. Noti kawai na iya."

Layi bakwai. Sunan Yaya yana cikin takardar masu izinin shiga, ban taɓa cirewa ba, kullum ina cewa sai gobe. Yaya ya juya mana baya yana duba wata kwamfutar da ba tamu ba.

Na ƙarshen na watan jiya ne. Mai Hatimi ya yi gyaran murya. "Shekara biyu babu shafin da ya faɗi. Na duba cikinta, komai a tsare. Yarinyar nan ta fi ni iya sana'ar. Kada wanda ya gaya mata."

Ya ɗago ya dubi Yaya ya ce, "Yi haƙuri, malam. Aikina ne in karanta."

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Na ce, "Yaya, ka yafe min." Ya ce, "Kin haska min ido kuma." Ya share idonsa da hannun riga, ya ce tocilar ce.

Mai Hatimi ya buga hatiminsa sau uku, muka sa hannu. Mu biyu muka ɗauko ta, shi gaba ni baya, muna faɗa kan wa ya fi sakin nauyi. Baba ya shiga a bayanmu ya fito da tsohuwar butarsa, jami'in ya kau da kai.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 11 na safe

A kan teburin Umma muka kunna ta. Ta yi ƙara ɗaya, fitilarta ta kawo kore. Shafuka arba'in da ɗaya, babu wanda ya yi ciwon kai. Na kira Mai Ɗinki na karanta mata ƙugun amaryar farko, ta yi ihu har Umma ta ji daga ɗaki. Ta ce za ta ɗinka wa Tsohuwa riga.

Kafin komai mun yi kwafi biyu. Ɗaya zai zauna a sabon kamfanin, ɗaya a shagon Yaya. Bai ce ai na gaya miki ba. Ya dai yi ta fito yana jiran kwafin ya gama, fiton nan kuwa ya fi maganar zafi.

Umma ta ce wannan karon kwana nawa za mu ci abinci a ƙasa.

Da zan rufe murfin ya ce, "Doka." Ya miƙo min farin alƙalami. Wuri kaɗan ya rage a ƙasa. Na sa kwanan wata na rubuta: "Na buɗe, na karanta. Yaya ya yi gaskiya a kan kwafin. Sau ɗaya zan rubuta wannan."

Ya karɓa ya karanta a hankali, ya sake karantawa. Ya rubuta a ƙasa: "An gani. Na ɗauki hoto."

Sannan ya miƙo min sukundireban, ya karɓi tocilar.